Filin Tambaya: RAM ɗin da ya ɓata a saba, da sauran wasiƙunku

Assalamu alaikum masu karatu. Wannan makon wasiƙun da na zaɓo duk a kan abu ɗaya suka faɗo, alhali masu su ba su san juna ba, wato yadda kanel ɗin Linux (zuciyar tsarin, mai raba wa manhajoji memori da sauran kayan na'ura) yake lissafin memorin da bayanan intanet suke ci kafin su isa hannun manhaja ko kafin su fita waje. Na ɗan gajarta wasu wasiƙun saboda fili, amma ban taɓa lambobin da aka turo ba.

Malam barka da aiki. Ni ne nake kula da sabar wata cibiyar jarrabawa ta kwamfuta, Ubuntu ce mai RAM 8GB. Duk ranar da ɗalibai suka cika sai ta fara ja, shafi ya ƙi buɗewa, wasu ma ya yanke musu. Na duba top na haɗa abin da manhajoji suke ci da kash ɗin faifai da abin da ya rage, sai na ga akwai wajen 700MB da ban san inda suka shige ba. A dmesg kuma ga wannan layin yana ta maimaituwa: "TCP: out of memory -- consider tuning tcp_mem". Wani abokina ya ce in turo maka da /proc/net/sockstat, ga shi: TCP: inuse 2210 orphan 14 tw 380 alloc 2431 mem 190112. Shi kuma tcp_mem ya nuna 94428 125904 188856. Dan Allah bairos ne ko RAM ɗin ne ya lalace? — Mai karatu daga Zariya

Ɗan'uwa kwantar da hankalinka, ba bairos ba ne, RAM ɗinka ma lafiyarsa ƙalau, kuma Allah ya saka wa abokin nan naka da alheri don ya sa ka turo ainihin layin da amsar take ciki. Dubi lambar ƙarshe, mem 190112. Wannan ba bayit ba ne, shafuka ne, wato gutsattsarin da kanel yake raba RAM da su, kuma kowane shafi a irin kwamfutocinmu na Intel da AMD bayit 4096 ne. Ninka 190112 sau 4096, za ka samu wajen 742MB. Ga 700 ɗinka nan da ka ce sun ɓata, suna kwance a layin soket-soket na TCP. Soket shi ne ƙofar da manhaja take aikawa da karɓar bayanai ta netwok, TCP kuma ƙa'idar aika bayanai ce da take tabbatar da cewa sun isa.

Abin da ya sa top, umarnin da yake nuna abin da kowace manhaja take ci, bai nuna maka ba shi ne, memorin nan ba na kowace manhaja ba ne a lissafi, na kanel ne. Idan fakiti, wato ɗan ƙunshin bayanai, ya shigo ta katin netwok, kanel ne yake ajiye shi a wurinsa har sai manhaja ta zo ta karanta, haka in manhaja ta rubuta abu za ta aika, da zarar ta miƙa wa kanel ita kam ta gama nata, shi ne zai riƙe kayan har ɗaya ɓangaren ya amsa cewa ya karɓa. To a duk wannan lokacin kayan suna cin RAM amma ba a rubuta su da sunan manhajar ba. Ko a /proc/meminfo ma ba za ka ga layi ɗaya da ya tattara su ba, ɗan kan fakitin yana shiga cikin Slab, amma yawancin shafukan da ainihin bayanan suke ciki ba su da layinsu, kawai za ka ga MemFree yana raguwa. Shi ya sa mutane da yawa suke ruɗewa a nan, suna duba littafin da ba a ciki aka rubuta bashin ba.

Yanzu lambobi ukun nan na tcp_mem. Su ma shafuka ne, kuma na dukan TCP ɗin na'urar ne gaba ɗaya, ba na soket guda ba. Kanel ne yake lissafa su da kansa lokacin da na'ura ta tashi, gwargwadon RAM ɗin da ya tarar, ta farko wajen kashi 4.7 cikin ɗari, ta tsakiya kashi 6.25, ta ƙarshe wajen kashi 9.4. Muddin ana ƙasa da ta farko babu ruwan kanel da kowa, kowane soket ya ci yadda yake so. In aka haye ta tsakiya sai ya shiga halin matsi, ya daina barin soket su ƙara girman ma'ajinsu, ya rage wa masu aiko da kaya tagar da yake ba su, kuma ba zai fita daga wannan halin ba sai lissafi ya sauko ƙasa da lamba ta farko, ka lura, ta farko fa ba ta tsakiya ba. In kuwa aka wuce ta ukun to an kai bango, sai ya fara hana sabon wuri, fakitoci su zube, wasu haɗin da manhaja ta riga ta saki ya datse su. Kai naka 190112 ne, bangon kuma 188856, ka ga ka riga ka haye, shi ne saƙon da kake gani a dmesg, inda kanel yake rubuta saƙonninsa, kuma shi ne jan da ɗalibai suke ji.

Saƙon ya ce ka duba yiwuwar gyara tcp_mem, kuma na san abin da zuciya za ta raya maka kenan, ka ninka lambobin ka huta. Kar ka fara da nan dan Allah. Fara da tambayar waye ya riƙe 742MB ɗin. Soket 2210 ne suke aiki, in ka raba kowanne ya tashi da sama da 300KB, wannan ya yi yawa ga shafin jarrabawa da rubutu ne da ɗan hoto. Ranar da aka cika ka buga ss -tm, a ƙarƙashin kowane haɗi za ka ga layi mai farawa da skmem, da haruffa da lambobi a jere. Harafin r shi ne abin da ya shigo yana jiran manhaja ta karanta, rb shi ne iyakar da aka ba shi. Harafin w abin da aka jera za a aika ne ko aka aika ba a amsa ba tukuna, tb iyakarsa. Harafin f ɗan wurin da kanel ya riga ya ware wa soket ɗin ne bai kai ga amfani da shi ba, don ba ya son zuwa babban littafi a kan kowane ɗan fakiti, sai ya ciro shafi guda ya riƙa gutsura. Harafin d na ƙarshe kuma adadin fakitin da aka zubar ne.

In ka ga w ne ya kumbura a ɗaruruwan haɗi, to sabarka tana zuba kaya da sauri ne su kuma kwamfutocin ɗalibai ba sa iya kwasa, sau da yawa wayales ne ya cushe ko wani suwic a tsakiya, kuma a nan gyaran yana wajen netwok ɗin ɗakin da rage nauyin shafin, sai kuma sa wa sabar yanar lokacin da za ta yanke haɗin da ya tsaya cak. In kuma r ne ya kumbura, to manhajarka ce ba ta karanta abin da aka kawo mata.

Wannan na biyun na taɓa ganinsa da idona a wani ofis a Kano. Sun ƙara RAM har sau biyu abin bai daina ba, duk bayan kwana uku sai sabar ta shaƙe. Da na zauna na buga ss -tan state close-wait sai allon ya cika ya yi ta gudu, haɗi ne birjik waɗanda ɗaya ɓangaren ya yi sallama tuntuni amma manhajar ba ta rufe nata ba, kuma a cikin da yawansu akwai sauran bayanan da ba a karanta ba. Kanel ba shi da ikon zubar da su tunda a ƙa'ida manhajar tana iya dawowa ta karanta. Na buɗe wata taga na sa watch -n1 cat /proc/net/sockstat, na ce wa yaron da yake kula da wurin ya sake tayar da manhajar kawai, ba na'urar ba. Muna kallo lambar mem ta faɗo daga dubu ɗari da wani abu zuwa 'yan ɗaruruwa a daƙiƙa ɗaya. Ya juyo ya kalle ni ya ce "Malam ashe ba RAM ba ne". Layi ɗaya ne ya ɓace a manhajar, wurin da ake rufe haɗi in an samu kuskure.

Tw 380 ɗin nan kuma kar ya dame ka, waɗannan ragowar haɗin da aka rufe ne suke jiran minti ɗaya su wuce, ba sa riƙe kaya. In ka bincika ka tabbatar babu yoyo, aikin ne da gaske yake buƙatar wurin, to sannan ka ɗaga tcp_mem kaɗan, a shafuka, kana kallon abin da ya rage wa manhajoji.

Salam Malam. Ni ɗaliba ce, aikin kammala karatuna a kan na'urorin auna zafi da laima ne da suke aiko da saƙo ta UDP zuwa wata ƙaramar kwamfuta mai Linux. Kowane saƙo bai wuce bayit 100 ba. Na karanta cewa ma'ajin karɓa bayit 212992 ne, a lissafina ya kamata ya ɗauki saƙo sama da 2000 kafin ya cika, amma in manhajata ta ɗan tsaya rubutu a faifai ko saƙo 300 ba ya kaiwa ya fara zubarwa. Na sa SO_RCVBUF ya zama 4MB, da na sake tambaya sai ya ce min 425984. Me nake yi ba daidai ba? — Mai karatu daga Katsina

Ƙanwata lissafinki daidai ne, abin da kika ɗauka ana ƙirgawa ne ba shi ake ƙirgawa ba. Wannan tambayar taki ita ce gindin maganar gaba ɗaya, har da ta ɗan'uwanmu na Zariya, shi ya sa zan ɗan daɗe a kanta.

Kin san tasha. In kika zaunar da yaro ɗan shekara biyar a kujera shi kaɗai, kuɗin kujera cikakke za ki biya, ɗan kamasho ba ya auna nauyin fasinja, wurin da aka tare yake kallo. Haka kanel yake yi. Kowane fakiti da ya shigo ana ɗora shi a kan wani tsari da ake kira sk_buff, masu aikin suna ce masa skb, kuma a cikinsa akwai wata lamba mai suna truesize, wato ainihin wurin da fakitin ya tare a RAM: shi kansa tsarin da yake ɗauke da bayanin fakitin, da dukan ma'ajin da direban kati, wato manhajar da take sarrafa katin netwok, ya ware, ko an cika shi ko ba a cika ba. Wannan lambar ake rubutawa a kan soket ɗinki, ba bayit 100 ɗinki ba.

Dalili kuwa shi ne katin netwok bai san girman fakitin da zai zo ba sai ya zo, don haka direba yana shirya masa wurare tun kafin lokaci, kowanne ya isa ɗaukar fakiti cikakke na bayit 1500. Direbobi da yawa 2048 suke warewa, rabin shafi kenan, in aka haɗa da kan skb ɗin sai ki ga 2304. Raba 212992 da 2304, fakiti 92 kacal. Wasu direbobin kuma in fakitin ƙarami ne sukan kwafe shi zuwa ƙaramin wuri su mayar da babban, a nan sai lissafin ya sauko wajen 800. Ita kanta lambar 212992 ɗin da haka aka samo ta, fakiti 256 ne aka ninka sau 832, wato an ƙiyasta wurin da ƙaramin fakiti mai bayit 256 yake tarewa a na'ura mai bit 64. Kin ga tun asali ba a yi ma'ajin don saƙo 2000 ba, don 256 aka yi shi, abin da kika gani kenan.

Ki gwada da hannunki, yana da daɗin gani. Ki buɗe soket ɗin kar ki karanta komai, ki aiko da saƙo ɗaya tak, sannan ki buga ss -uam ki dubi lambar da ke gaban r. Wannan ita ce kuɗin kujerar katinki. Ki aiko da na biyu ki ga ta ninka.

Wani zai ce ai wannan zalunci ne, me ya sa ba za a ƙirga bayanan kawai ba. A'a, ni kam ina ganin wannan yana cikin abubuwan da aka yi daidai a Linux. Da bayanai kawai ake ƙirgawa, da wani mugu zai riƙa aiko da fakiti mai bayit ɗaya-ɗaya, littafi ya nuna 200KB ne kawai a soket, alhali a zahiri kowane bayit ya tare 2KB, soket guda ya cinye ɗaruruwan MB ba wanda ya sani. An sha samun direbobin da suke faɗin truesize ƙasa da gaskiya, kuma Eric Dumazet, wanda ya daɗe yana riƙe da ɓangaren TCP na Linux, ya yi shekaru yana bin su ɗaya bayan ɗaya yana gyarawa, don duk wani shinge da aka kafa, na soket ne ko na tcp_mem, a kan wannan lambar ya dogara, in ta yi ƙarya duka sun yi ƙarya.

A TCP in ma'aji ya cika da irin ƙananan fakitocin nan kanel yana da dabara, yakan tattara su ya matse su cikin manyan skb kaɗan don a samu wuri, in hakan bai isa ba ya zubar da waɗanda suka zo ba a kan layi ba. Aikin yana cin sifiyu sosai. A watan Agustan 2018 aka bayyana wata kafa da aka sa wa suna SegmentSmack, wadda Juha-Matti Tilli ya gano a Finlan, inda mai hari yake aiko da ƙananan fakitoci a warwatse da gangan don ya sa kanel ya yi ta wannan matsewar a kan kowane fakiti har na'ura ta kasa yin komai. An toshe ta tuntuni. Amma UDP ɗinki, ɗaya ƙa'idar aika bayanai wadda ba ta jiran amsa, ba ya sake aiko da abin da ya zube, in wuri ya cika shi kenan saƙon ya tafi, sai dai ki ga adadin a netstat -su wurin kurakuran ma'ajin karɓa, ko a harafin d na ss.

Sai maganar 425984 da kika samu a SO_RCVBUF, wato saitin da manhaja take neman girman ma'ajin karɓa da shi. Abu biyu ne suka faru a lokaci guda. Na farko, manhaja ba ta isa ta nemi fiye da net.core.rmem_max ba, kuma a na'urarki shi ma 212992 ne, don haka 4MB ɗinki aka yanke shi zuwa nan ba tare da an ce miki komai ba, babu kuskure babu gargaɗi. Na biyu, duk abin da kika nema kanel yana ninka shi biyu kafin ya ajiye, saboda wannan kuɗin kujerar da muka yi magana, an rubuta haka a littafin bayanin socket na Linux. 212992 sau biyu, 425984. Ki ɗaga rmem_max da sysctl, umarnin sauya saitunan kanel, tukuna sannan ki sake nema, zai ba ki.

Amma in kina son shawarata ta gaskiya, ƙara ma'aji jinkirta matsalar kawai zai yi. Ki raba aikin biyu, zare ɗaya ba abin da yake yi sai kwasar saƙo daga soket yana zubawa a layin cikin manhaja, ɗaya kuma ya ji da faifai. In kuma kina da iko da na'urorin da suke aikowa, ki sa kowacce ta tara awo goma ta aiko a fakiti ɗaya, bayit 1000 kenan, bai kai 1472 da UDP yake iya ɗauka a fakiti guda ba, kin biya kujera ɗaya kin zaunar da mutum goma. Ki sa wannan a rahotonki ma, malaminki zai ji daɗinsa.

Malam na ga wani jerin saituna a intanet an ce in ka zuba su a sysctl.conf saurin saba zai ninku. Akwai tcp_rmem da tcp_wmem an kai su 64MB, tcp_mem kuma 16777216 sau uku. Layinmu 20Mbps ne, yawancin abin da muke ja daga Turai ne. In zuba? — Mai karatu daga Maraɗi

Kar ka zuba, Malam. Layin tcp_mem ɗin nan kaɗai ya isa ya nuna maka wanda ya rubuta bai san abin da yake rubutawa ba, ya ɗauka bayit ne yana nufin 16MB, alhali shafuka ne, 16777216 sau 4096 ya kama 64GB. In na'urarka 8GB ce ka ga ka cire bangon kenan ɗungurungum, ranar da wani abu ya fara yoyo babu mai tsayar da shi sai RAM ya ƙare kanel ya fara kashe manhajoji. Wannan kuskuren yana yawo a intanet shekara da shekaru, kowa yana kwafa daga wani, kuma abin yana ɓata min rai don waɗanda suke faɗawa ciki su ne masu ƙaramar na'ura da ba su da rarar da za su yi asara.

Girman ma'ajin da haɗi ɗaya yake buƙata lissafi ne mai sauƙi, saurin layi sau lokacin da fakiti yake ɗauka ya je ya dawo. Ka yi ping zuwa inda kuke ja, mu ce ka samu milisakan 150. To 20Mbps sau 0.15 ya ba ka megabit 3, wato 375KB. Iyakar kayan da za su iya kasancewa a kan hanya kenan a lokaci guda, ko ka ba shi 64MB layin ba zai ɗauki fiye da haka ba. Shi kuwa tcp_rmem, saitin girman ma'ajin karɓa na kowane haɗi, da yawancin sabobinmu suke zuwa da shi 4096 131072 6291456 ne, wato yana farawa da 128KB kuma kanel da kansa yana ƙara wa kowane haɗi gwargwadon buƙata har zuwa 6MB. Ko ka ce rabi ne kawai yake zama na bayanai saboda kuɗin kujera, 3MB a kan milisakan 150 ya isa ja da wajen 160Mbps. Layinka 20 ne. Wanda yake da gigabit zuwa Landan shi ne yake da dalilin taɓa wannan lambar, don shi lissafinsa ya haura 18MB, kuma sababbin kanel ma sun fara ɗaga iyakar da kansu.

Ka kuma sani duk manhajar da ta sa SO_RCVBUF da hannunta a kan TCP ta kashe wannan ƙarin da kanel yake yi da kansa, ta daskare a lambar da ta zaɓa, sau da yawa masu neman sauri da haka suke jawo wa kansu ja.

Babban ma'aji ma yana da nasa ciwon. Tun ƙarshen 2010 Jim Gettys ya yi ta jan hankalin mutane a kan yadda kaya suke taruwa a dogayen layuka a cikin na'urori har kiran murya da ɗan danna shafi su riƙa jira a bayan babban fayil. Cikin gyaran da ya biyo baya akwai wanda ya shiga Linux 3.6 a 2012, wanda yake hana soket ɗaya tura kaya da yawa zuwa layin katin fita a lokaci guda, kuma da wannan lissafin na truesize ɗin yake aiki, harafin t na ss shi ne abin da yake kallo. In kuna jin ja a layin 20Mbps, ka fara duba ko fakiti yana zubewa a hanya da kuma wa yake cinye layin.

Yallaɓai, manhajata tana cikin Docker na sa mata iyakar 512MB. Ita kanta ba ta wuce 300MB, amma in masu saukar da fayil suka yi yawa sai a kashe ta da lamba 137. A tsohuwar sabarmu ba ta taɓa yin haka ba sai da muka koma Ubuntu 22.04. — Mai karatu daga Kumasi

Ka riga ka faɗi amsar da bakinka, komawa 22.04 ɗin. Lamba 137 tana nufin an kashe manhajar da ƙarfi ne. Docker, mai killace manhaja a abin da ake kira kwantena, da cgroup yake sa iyaka, wato dabarar kanel ta kayyade abin da rukunin manhajoji zai ci, kuma cgroup iri biyu ne. A tsohon, memorin soket ba ya shiga cikin iyakar da ka sa, akwai dai wani ma'auni na daban na TCP da Glauber Costa ya shigar a Linux 3.3 a 2012, amma a kashe yake sai ka kunna, kuma kusan ba mai kunnawa. Wato a tsohuwar sabarku manhajar tana cin wannan memorin, kawai ba a rubuta mata ba ne. A sabon cgroup ɗin, tun Linux 4.5 a 2016 da aikin Johannes Weiner, an haɗe lissafin wuri ɗaya, memorin manhaja da kash da na soket duk a cikin 512MB ɗin suke. Ubuntu ta koma sabon ne daga 21.10, don haka 22.04 da shi ta zo.

Ka tabbatar da stat -fc %T /sys/fs/cgroup, in ya ce cgroup2fs to sabon ne. Sannan ka shiga cikin kwantenar ka buɗe /sys/fs/cgroup/memory.stat lokacin da ake cikin saukarwa, ka nemi layin sock, wannan a bayit yake. Mutum 100 masu jan fayil a kan layin waya mai rauni, kowanne an jera masa 2MB yana jira, 200MB kenan, ɗora a kan 300 ɗinka ka ga inda aka kwana. Kanel yana ƙoƙarin matse soket ɗin kwantenar in ya ga wuri ya fara ƙarewa, amma abin da aka riga aka jera ba kamar kash ba ne da za a zubar a sake karantowa daga faifai, sai mai karɓa ya amsa ake sakinsa. Ko dai ka ƙara iyakar da sanin cewa sock yana ciki, ko ka rage lamba ta uku ta tcp_wmem, saitin ma'ajin aikawa, a cikin kwantenar, ko ka sa iyaka a yawan masu saukarwa a lokaci guda. Ni da na ukun zan fara.

Wai duk wannan ya shafi wayata ta Android? Manhajojin share RAM suna share shi? — Mai karatu daga Gusau

Ya shafe ta mana, Android a kan kanel ɗin Linux take zaune, lissafin soket iri ɗaya ne, har ma tsarin wayar yakan sauya girman ma'ajin TCP gwargwadon ko kana kan wayales ne ko kan layin waya. Amma a waya abin kaɗan ne, haɗin da suke buɗe ba su da yawa. Manhajojin sharewar nan kuma hannunsu ba ya kaiwa nan ko kusa, iyakarsu su rufe wasu manhajoji, waɗanda za su sake tashi su sake buɗe haɗinsu su ci maka batir da data. Cire ta kawai.

Ɗan'uwanmu na Zariya, in ka samu layukan skmem ɗin ranar jarrabawa ta gaba ka turo min guda goma mafi girma, ina so in ga ko r ne ko w.